Neman shawara: Haƙoran 'yata mai tsagaggen leɓe da ramukan da ke leɓen mahaifinta

Assalamu alaikum 'yan uwa. An haifi 'yata da tsagewar leɓen sama da ta ganɗa; an ɗinke leɓen tana da wata 4, ganɗar kuma bayan ta shekara. Yanzu shekarunta 6, ta fara famfara, amma haƙorin da ke daidai wurin tsagar bai taɓa fitowa ba, kuma idan ta rufe baki haƙoran ƙasa ne suke gaban na sama. Tana da ƙananan ramuka biyu a leɓen ƙasa masu tsattsafar da yawu. Mahaifinta da kakarta ta wajen uba suna da irinsu, sai dai ba su da tsaga. Ina da juna biyu, dangin miji kuwa sun daɗe suna cewa daga wajena abin ya fito. Ina roƙon masana su haska mini.

Wani likitan haƙori: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ramukan nan da kika ambata a ƙarshe su ne bakin zaren. Haɗuwarsu da tsagewar leɓe ko ganɗa ita ce babbar alamar larurar Van der Woude, wadda aka sanya wa sunan masaniyar da ta bayyana ta a 1954, kuma galibi sauyi ne a ƙwayar gado mai suna IRF6 yake haddasa ta. Ya isa a gaje ta daga ɗaya cikin iyaye, kuma kowane ciki yana da damar kashi 50 cikin 100 na ɗaukarta, amma ba ta fitowa iri ɗaya: wani ramukan kawai zai samu, wani har da tsaga. Bisa bayaninki ta wajen maigida ta biyo, ko da yake sai an duba su ukun kafin a tabbatar.

Rashin haƙori kuwa sananne ne a wannan larura, musamman na gefen haƙoran gaba na sama da ƙananan turame na biyu (na tsakanin fiƙa da manyan turame). A ɗauki hoton muƙamuƙinta a ga waɗanda suke ɓoye da waɗanda babu su tun asali. Yawanci tsakanin shekara 8 zuwa 11, kafin fiƙar dindindin ta fito, ana cike giɓin dasashi da ɗan ƙashi daga ƙugu, sannan a gyara jeren haƙora da waya. Shigewar muƙamuƙin sama ciki kuma, wadda ke sa haƙoran ƙasa su kasance gaban na sama, ana bibiyarta har girman fuska ya tsaya.

Wata uwa: Ɗana ma haka yake. Abin da na yi sakaci da shi shi ne kunne, domin masu tsagar ganɗa ruwa yakan taru musu a ciki, ji ya ragu, maganar da dama take fita ta hanci ta ƙara lalacewa. Ki sa a auna jinta. Ramukan an cire masa su da ƙaramin aiki, saboda tsokanar yara a makaranta.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ki shaida wa masu awonki tarihin gidan, domin hoton ciki na wajen mako 20 yakan nuna tsagar leɓe, ko da yake ta ganɗa ita kaɗai tana da wuyar gani. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin tiyatar tsagar leɓe da ganɗa kyauta a asibitoci da dama a Najeriya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya daɗe a gaban madubi yana duban leɓensa, kuma ya amince mu je asibitin tare ranar Litinin.