Littafin zanena ya tsaya a shafi na tara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na shiga ajin koyon zane na ranar Asabar a nan Kano. Malam ya ce kowa ya sayi littafi, kullum zane ɗaya. Kwana tara ban yi fashi ba, sai ranar da na zana butar alwala ta fito kamar agwagwa. Haushi ya sa na yage shafin, har yau ban ƙara buɗe littafin ba. Sai bayan isha'i nake tasowa daga shago, ga gajiya, wuta kuma sai an ga dama. Kunyar malam ta ishe ni. Mene ne mafita?

Wani tsohon ɗalibin zane daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, butar ba ta da laifi, yagewar ce ɓarnar. Ka rubuta kwanan wata a gefen kowane shafi, ka bar agwagwarka a ciki, bayan wata guda za ka ga inda hannunka ya kai. Butar kuma, ja layi tsaye a tsakiya tukuna, sannan ka daidaita gefe da gefe. Bakinta ba da'ira ba ne idan kana kallonta daga gefe, kamar ƙwai yake a kwance. Yi amfani da fensir HB wajen layi, 2B ko 4B, masu laushin baki, wajen inuwa, ka ajiye abin gogewa nesa da kai. Kada ka raina kayan gida. Su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a nan Zariya a 1958, abin da suka dage a kai ke nan, mai zane ya ɗebo daga al'adar gidansu. Kai da kake Kano, ga dagi a bango, ga Gidan Makama.

Wata 'yar uwa:
Malam, dare ne ke cutar ka. Ni ƙaramin littafi na saya wanda ke shiga jaka. Kai shi shago, kafin mai saye ya shigo ka zana sikeli ko kwaɗon ƙofa, minti goma ya wadatar. Ran da ka yi fashi kada ka ce sai ka rama bashi.

Wani kuma:
Don Allah a turo mana agwagwar mu gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Agwagwa dai ta tafi bola. Yanzu na tsugunar da butar a gabana, na ja layin tsakiya.