Ina tsoron bisa, ga tafiyar hawan tsauni ta kwana biyu a gabana: in je ko in janye?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa yi nake nema. Abokan aikina sun shirya fita ƙarshen makon nan: mu tashi Asabar da asuba, mu hau tsauni, mu kafa tanti mu kwana, Lahadi mu sauko. Mu tara ne. Na ba da kafin alƙalami, ragowar kuɗin ranar Alhamis ake so. Damuwata ita ce tsoron bisa. Bene ba ya damuna in dai da bango, amma in na hau gadar tsallaka titi ina hango motoci a ƙasa, ƙafafuna rawa suke ɗauka, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Jiya na ga hotunan hanyar. Akwai wani wuri a doron tsaunin, kwazazzabo hagu da dama, an kafa sarƙa ana dafawa. Akwai hanya ta biyu ta cikin kurmi, kilomita 12 maimakon 8, duk zango ɗaya suke kaiwa, sai dai babu wanda ya ce zai bi ta. To in bi ta kurmi ni kaɗai mu haɗu a zango, ko in daure in bi su ta sarƙa, ko in haƙura da kuɗina? Wallahi ina son tafiyar nan, shekara uku ke nan ina kawo musu uzuri.

Tsohon Matafiyi:
Wa alaikumus salam. Yaro, wane takalmi za ka sa? Kada ka kuskura ka sayi sabo ranar Juma'a ka hau da shi ranar Asabar, bororo zai hana ka taka ƙasa tun kafin ka ga sarƙar. Ka sa wanda ƙafarka ta saba da shi, mai kauri a ƙasa. Jakar goyo kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, kuma ka tuna kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce.

Uwar 'Yan Biyu:
Ni sanyi ne ya ba ni wuya, ba hawa ba. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska da dare. Na je da jakar barci mai kyau, na manta shimfiɗar ƙasa, ƙasa ta zuƙe ɗumin jikina har gari ya waye. Tanti kuwa haya za ka ɗauka ƙanena, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabo ba.

Mai Taswira:
Hajiya, a ina? Ni da na yi haya, da kuɗin hayar da kuɗin ajiyar da suka riƙe wai turke ɗaya ya lanƙwashe, abin ya kusa rabin kuɗin sabo.

Uwar 'Yan Biyu:
To an cuce ka ne Malam. Ni ko kuɗin ajiya ba a tambaye ni ba.

Gwiwa Ɗaya:
Ku bar zancen tanti. Ɗan'uwa, kada ka je. Ni irin wannan tafiya ce ta mayar da ni mai ɗingishi. Mai shirya tafiyar na kira shi takanas na gaya masa ina tsoron bisa, ya ce ai hanyar ko yaro zai bi. Mu goma sha huɗu, jagora ɗaya. Da muka iso wata siririyar hanya a jikin dutse, dama bango, hagu sarari, sai jikina ya ƙi. Ba wai na yanke shawarar tsayawa ba ne, ƙafar ce ta ƙi ɗaguwa, kamar an dasa ta. Na manne da dutsen, numfashi sama-sama. Da farko suna lallashi, sai aka koma dariya, wani har yana ɗaukata a waya. Jagoran ya ce rana na yi, in zauna in huce in biyo su. Suka wuce. Na fi rabin awa a wurin, hazo ya sauko, waya babu sabis. Da rarrafe na juya baya. Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba, domin dole idonka ya kalli ƙasan da kake gudu, ga cinyoyi sun mutu. Na taka tsakuwa ta zame, gwiwata ta murɗe, na ji ƙarar da har yau ban manta ba. Wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba su suka sauko da ni, dare ya yi mana a hanya. Jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai da aka yi mini aiki. Mai shirya tafiyar ko kira ɗaya bai yi ba. Hotunan ƙololuwa na gani suna yawo, kowa na murmushi. Da na yi magana a zauren tafiyar, fitar da ni ya yi.

Uwar 'Yan Biyu:
Innalillahi. Sannu Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Yanzu kana iya doguwar tafiya?

Gwiwa Ɗaya:
Amin Hajiya. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ina yi. Gangare kuwa sai da sanda.

Sarkin Raha:
Ai Sabon Shiga ba bisa yake tsoro ba, ƙasa ce da take jiransa. Ka ɗaura ƙyalle a ido ka riƙe rigar na gabanka, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta tsoronsa. In kuma ka fasa, ka ara mini jakar barcin.

Malamar Jinya:
Don Allah a daina wasa da wannan, wani zai iya ɗauka da gaske. Rufe ido shi ne mafi muni. Ɗan'uwa, ni ma ina da irin tsoronka, kuma na bi hanya mai sarƙa sau biyu. Abubuwa uku ke daidaita tsayuwar mutum: ido, cikin kunne, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Kullum jiki yana ɗan tangaɗi, ido ne ke gyara shi ta hanyar kallon abu na kusa. In ka leƙa kwazazzabo, babu abu na kusa, sai tangaɗin ya ƙaru, ƙwaƙwalwa ta ce za a faɗi, tsokoki su sandare. Shi ya sa dabarar ita ce ka kafa ido a kan dutsen da ke gabanka ko inda za ka taka, taku biyu zuwa uku. In jiri ya zo ka durƙusa ko ka zauna, ka dafa dutse, ka riƙa fitar da numfashi a hankali. Kuma ba kai kaɗai ba ne: wani bincike da aka wallafa a Jamus a 2013 ya gano kashi 28 cikin ɗari na mutane bisa tana ɗaga musu hankali. Kada ka sha maganin kwantar da hankali don ka hau, yana rage kuzarin gaɓoɓi. Tsoron nan da kaɗan-kaɗan ake karya shi, daga gada zuwa ƙaramin tudu, ba a fara da sarƙa. Kwana uku ba su isa ba.

Tsohon Matafiyi:
Malama, da girmamawa, wannan karatun asibiti ne. Shekara ashirin ina hawa. Na ga matsorata da yawa, in aka sa su tsakanin mutum biyu masu natsuwa, sarƙa a hannu, wucewa suke yi, su sauko sun zama wasu mutane. Hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, kullum uku na riƙe da dutse, shi ke nan.

Malamar Jinya:
Baba, ai na ce na hau sau biyu. Kuma wanda bai taɓa jin tsoron ba, da wuya ya san yadda ƙafa ke ƙin bin umarni.

Gwiwa Ɗaya:
Gaya masa dai. Masu shekara ashirin ɗin ne suka bar ni a jikin dutse.

Tsohon Matafiyi:
Kada ka haɗa ni da su. Ban taɓa barin mutum a baya ba, ko da za a fasa kai wa ƙololuwa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, duk na karanta. Amma har yanzu ba a taɓa maganar hanyar kurmi ba. Ni kaɗai, ya yiwu?

Mai Taswira:
Lissafin mai sauƙi ne. Akwai ƙa'idar da William Naismith, wani mahayin tsauni ɗan Sikotilan, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Tunda zango ɗaya ne, bambancinku kilomita 4 ne, bai cika awa ɗaya ba a takarda, sai ka ƙara na hutu da nauyin kaya. Nisan ba matsala ba ne, kaɗaicin ne matsala. Sabon shiga ba ya bin kurmi shi kaɗai, mararraba ɗaya ta isa ta ɓatar da kai. Cikin mutum takwas a rasa ɗaya da zai raka ka? Ka sauke taswirar a waya tun kana gida, ka duba layukan tudu, inda suka matsu da juna nan ne hanya ta yi tsaye. Wata hanyar kurmin ma tana da nata gefen ramin.

Gwiwa Ɗaya:
Zai tambaya su ce eh, a gindin tsauni kowa ya bi mai kyamara. Ka nemi kuɗinka kawai, ko da yake na san ba za a ba ka ba. Wannan ita ce cutar masu shirya tafiye-tafiye, sai an karɓi kafin alƙalami ake nuna maka ainihin hotunan hanya.

Uwar 'Yan Biyu:
Wallahi gaskiya ne. Mu an soke tamu saboda ruwan sama, wata huɗu ina bin kuɗina, ƙarshe aka ce sai dai a sa ni a tafiya ta gaba, ranar da ba ni da hali.

Mai Taswira:
Ni an mayar mini da nawa cas cikin mako ɗaya. Ba duka ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke kwaso mutum talatin a kai su zangon da bai fi tanti shida ba. Mun je bara mun tarar da robobin ruwa da leda har cikin rafin da ake ɗiban ruwa, ga tokar wuta a gindin kowace bishiya.

Tsohon Matafiyi:
Da lasifika! Mutum ya sha wuya ya hau don ya ji shirun dare, a kunna masa kiɗa har ƙarfe biyu. Na taɓa tashi na kwance tantina cikin duhu na ƙara gaba.

Sabon Shiga:
Na tura wa biyu daga cikinsu saƙo kan rakiyar. Ɗaya ya ce zai yi tunani, ɗayan bai buɗe ba tukuna. Gobe Alhamis.

Uwar 'Yan Biyu:
Baba, ku a ina kuke kai shararku in babu wurin zubarwa a zangon? Mu mun sauko da tamu a jaka, direban motar ya ce ba za a sa masa ita a but ba.