Mutum-mutumin Nok: wane lissafin shekara zan rubuta wa ɗalibaina?

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare a Kaduna, ajina kuwa gauraye yake, Musulmi da Kirista. Hutun da ya wuce na zauna ina haɗa wa yara ɗan littafi da Hausa a kan tsofaffin kayan tarihin ƙasarmu. Da na iso kan mutum-mutumin yumɓu na Nok, na rubuta cewa an fara yin su wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kamar yadda muka tashi muna ji a rediyo. Da aka dawo na karanta wa aji don gwaji. Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu Yesu Almasihu muke cewa." Ban kai ga amsa ba wani yaro ya ce shi a Islamiyya da Hijira aka koya masa lissafi. Na tsaya riƙe da alli, na rasa ta cewa.

Tsofaffin littattafan Turanci BC da AD suke sawa, sababbin kuma BCE da CE, waɗanda babu sunan kowa a ciki. Na ga wasu suna mayar da shi "kafin zamaninmu". Ba na son ko yaro ɗaya ya buɗe littafin nan ya ji an ture shi gefe. Ku ba ni shawara don Allah.

Dattijon Fagge:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ai muna da kalmarmu tun tuni: Miladiyya. Daga Larabci take, ma'anarta haihuwa, kuma kunnen Bahaushe ya san ta. Yaron nan ma bai yi kuskure ba. Inda abu ya shafi tarihin Musulunci, ki jera biyun. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, 1218 Hijiriyya, 1804 Miladiyya. Malaman Sakkwato da na farkon suka rubuta, bai kamata a ɓoye wa yara shi ba. Amma kada ki ja Hijira baya zuwa Nok. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, duk shekara 33 sai an samu tazarar shekara guda. In kin koma baya shekara 1,500 daga Hijira zuwa zamanin Nok, saɓanin ya haura shekara 40, yara su rikice a banza.

Ɗan Kwoi:
Malama, ni Kirista ne, kuma ƙauyen Nok a ƙaramar hukumarmu ta Jaba yake, don haka maganar ta taɓa ni. "Kafin zamaninmu" ɗin nan ban yarda da shi ba. Na gwada wa mahaifiyata, ta ɗauka ana nufin kafin zuwan Turawa. A Hausa zamaninmu shi ne wanda muke raye a cikinsa, shi ke nan.

Wani abu kuma, lissafin kansa bai sauka daidai kan ranar haihuwar ba. Wani malamin coci, Diyonisiyus, shi ya tsara shi a Rum a shekarar 525 yana lissafin ranar Ista. Sarki Hirudus, wanda Linjila ta ce a mulkinsa aka haifi Yesu, yawancin masana sun ce ya mutu shekara 4 kafin farkon lissafin. Saboda haka "kafin haihuwar" wane, ko da wane suna kika sa, akwai ɗan gyara a ciki. Na bi bayan Baba. Miladiyya ba ta kama suna ba, ni da maƙwabcina Musulmi duk za mu karanta ba tare da an ja tsaki ba.

Mai Tonon Kufai:
Ranki ya daɗe, abin da ya tsufa ƙwarai ki ce shekara kaza da suka wuce. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, a jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000. Yaro zai fi jin nauyin wannan. Ki kuma gaya musu babu shekarar sifiri, daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya.

Malamar Tarihi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ɗauki Miladiyya, zan kuma jera ta da Hijiriyya a babin Sakkwato. A shafin farko zan sa ɗan bayani cewa daga haihuwar Annabi Isa (AS), wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, aka nufi fara ƙirgen, don yarinyar nan ta ga sunan da ta sani a rubuce. Na so in taƙaita "kafin Miladiyya" zuwa K.M., sai ɗana ya leƙo takardar ya karanta "kilomita 900". Zan riƙa rubuta shi cikakke, ko da shafukan za su ƙaru.