Bare a kan mulki: wa zai ƙara yarda da sa hannunsa?

Baban Hanifa: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kullum na faɗa sai a ce son zuciya ne. Duk ƙasar da ta ɗauko bare, wanda ko kujerar kansila bai taɓa riƙewa ba, ta damƙa masa mulki, to ta yi sallama da amincin ƙawayenta. Ku dubi Trump. Ya hau a Janairun 2017, ko mako bai yi ba ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen yankin Pasifik. A watan Yuni ya ce ya bar ta Paris kan sauyin yanayi. A Mayun 2018 ya yi fatali da ta nukiliyar Iran, Birtaniya da Faransa da Jamus na ta ba shi baki. Wa zai ƙara zama da kai idan sa hannunka ba ya wuce shekara huɗu?

Ɗan Gaske: Bare? Haba Alhaji. Mutumin da Bill da Hillary Clinton suka je bikin aurensa a 2005 shi ne bare? Ya daɗe yana ba 'yan jam'iyyun biyu kuɗin kamfen. Ɗan gida ne, ta ƙofar baya kawai ya shigo.

Maman Sadik: Bare ne mana. Kafin shi ba a taɓa shugaban Amurka da bai yi aikin gwamnati ko soja ba. Zuwa biki ba sanin mulki ba ne.

Malam Mai Nazari: Hajiya, to tsohon shugaban Amurka Eisenhower fa? Bai taɓa tsayawa zaɓe ba sai 1952, amma shi ne babban kwamandan ƙungiyar tsaro ta NATO na farko, kuma Turawa sun amince da shi. Sai ku faɗa mana ko shi ma bare ne.

Maman Sadik: Janar ne, Malam. Ai na ce ko soja. A riƙa karantawa kafin a ba da amsa.

Ɗan Gaske: Kuma me ya sa ba a maganar Biden? Shekara 36 a majalisar dattawa, takwas yana mataimakin shugaba, amma a Satumban 2021 Faransa ta janye jakadanta daga Washington kan cinikin jiragen ƙarƙashin ruwa da Ostireliya. Ficewar sojan Amurka daga Kabul ma a hannunsa aka yi.

Baban Hanifa: Wa ya ƙulla yarjejeniyar ficewar da Taliban a Doha a Fabrairun 2020, in ba Trump ba? Ƙanena, kai dai ka ce kana son mutumin, mu huta.

Ɗan Gaske: Ni ba ƙaninka ba ne a wannan magana. Kuma tun 2014 ƙasashen NATO suka yi alkawarin kashe kashi 2 cikin 100 na tattalin arzikinsu a kan tsaro, yawancinsu suka yi kunnen uwar shegu, sai da Trump ya daka musu tsawa.

Maman Sadik: Tsawar Putin dai suka ji a 2022. Kurdawan arewacin Siriya kuwa, da aka janye sojan Amurka aka bar su da Turkiyya a Oktoban 2019, su wace tsawa suka ci?

Malam Mai Nazari: Zelensky na Yukren ɗan wasan barkwanci ne har 2019, ga shi Turai ta tsaya masa.

Ɗan Gaske: Kada a kawo mana wannan, Malam. Kullum sai ka jawo Yukren, ko ana maganar ƙwallo.

Malam Mai Nazari: Kai da ba ka taɓa kawo hujja ba sai "na ji an ce"?

Maman Sadik: Malamai, ku ji tsoron Allah, mun bar zancen.

Baban Hanifa: Bari in taƙaita tunda an watse. Kowa ya yarda Trump bare ne, in ban da mutum ɗaya da muka san inda ya dosa. Misalin Eisenhower Hajiya ta rushe shi. Na Biden kuskure ne na rana ɗaya, ba hali ba, shi ya sa jakadan Faransa ya koma bayan 'yan kwanaki. Batun Kurdawa ba wanda ya amsa. Magana ta tsaya inda na ajiye ta.

Ɗan Gaske: Wane "kowa"? Ku biyu ne fa.