Neman shawara: baƙin mai da giris sun ƙi fita daga kayan maigidana

Maman Hanif, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Maigidana bakanike ne, yana gyaran motoci a wani gareji ta wajen Ƙofar Ƙaura. Kayan aikinshi kala ukku ne, wandunan jins da riguna masu kauri, ni ke wanke mashi su duk Alhamis. Ina jiƙa su da omo su kwana, in cuɗa har hannuna ya yi ja, amma in sun bushe sai ki rantse ba a wanke ba. Gwiwa da bakin aljihu duk baƙi ƙirin, ga warin mai har a hijabaina. Sannan ranar Juma'a yana sanye da farar shadda wani abokinshi ya tare shi wai motarshi ta mutu, ya leƙa injin, giris ya shafi hannun rigar. Ita ta fi damuna, ban taɓa ta ba tukuna. Maƙwabciyata ta ce in zuba fetur. Me kuka gani?

Anti Amarya:
Wa alaikumussalam. Kar ki soma! Fetur a gidan da ake girki? Bari masu sani su zo.

Mai wanki da guga, Sabuwar Unguwa:
Hajiya, da ba ki taɓa shaddar nan ba kin kyauta. Kar ki sa mata ruwa, kar kuma dutsen guga ya hau ta, don zafin guga gasa mai yake a cikin zare, in ya gasu sai haƙuri.

Ki shimfiɗa hannun rigar a kan farin tsumma mai tsabta. Ki sa bayan cokali ki kankare giris ɗin da ya taru a sama, a hankali, daga gefe zuwa tsakiya don kar ya bazu. Sai ki barbaɗa garin sitaci ko hoda ko dakakken alli, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga garin ya dunƙule ya yi duhu, man ne ya sha. Ki kakkaɓe, ki juya rigar ta ciki, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka, irin su Morning Fresh, a kan wurin tun yana bushe. Ki murza da yatsa, ki bari kamar minti 20, sannan ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi. Za ki ga baƙin yana sauka a kan tsumman da ke ƙasa, kina matsar da tsumman zuwa wuri mai tsabta. Ban da burushi a kan shadda, yana kashe mata ƙyalli, wurin ya fita daban ko da tabon ya tafi. In bai fita duka ba ki maimaita, sai kin tabbatar a hasken rana babu saura kafin a kai ta bugu.

Kayan gareji kuma, matsalar a jiƙon take. Mai da ruwa ba su haɗuwa. In kika tsunduma wando cikin ruwan sanyi, omon ya watse a baho, wurin da ke da mai bai samu komai ba. Sabulu ya fara hawa kan tabon a bushe, ki goga da tsohon burushi, jins ba ya jin komai. Bayan nan ruwan zafi da omo.

Hajiya Babba, Unguwar Alkali:
Ɗiyata, ki nemi kanwa. Mu da ita muka taso muna wanke tsumman tuya da kayan mahauta. Ki jiƙa kamar cikin tafin hannu a ruwan zafi, ki tace tsakuwar, ki zuba ruwan a baho tare da omo. In babu kanwa, ruwan toka ma yana yi. Amma ki riƙa juya kayan da sanda, kar ki daɗe da hannu a ciki, tana busar da fata, ga hunturu ya kusa.

Bakanike, kan hanyar Jibiya:
Gaskiya mu a gareji da fetur muke wanke hannu da sifana, kuma yana cire mai nan take. Ba na cewa a kai shi cikin gida, amma ba ƙarya maƙwabciyar ta yi ba. In an ƙi fetur a sa kalanzir kaɗan a tsumma a dangwala.

Malamar kimiyya, GRA:
Yayana, ba wanda ya ce fetur ba ya narkar da mai, yana narkarwa. Turirinshi ne abin tsoro. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya iya rarrafawa daga bakin rariya har gindin murhu ko rishon da ke can gefe, wuta ta biyo shi ta dawo kan baho. Fetur yana fitar da turirin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Kalanzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38, shi ya sa hatsarinshi bai kai na fetur ba, amma Katsina a watan Afrilu ai ta wuce haka a inuwa ma. Kuma mun sha jin fitilu da risho sun fashe a ƙasar nan saboda kalanzir ɗin da aka gauraya da fetur. Ku gareji fili ne, iska na kaɗawa. Tsakar gida da yara da garwashi daban ne.

Maman Hanif, abin da ya sa sabulun kwanuka ke aiki shi ne kowace ƙwayarshi baki biyu gare ta, ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa, sai ɗauraya ta tafi da su tare. Kanwar da Hajiya ta faɗa kuma tana taimaka ma sabulun ya yi ƙarfi. Amma ki sani baƙin mai ba mai kaɗai ba ne. Akwai baƙin hayaƙin inji da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Man zai fita, warin zai tafi, amma inuwar baƙin nan kan zauna a tsohon wando. Ki shafa wurin bayan ya bushe: in ba maiƙo, ba wari, ya wanku, ko da ido na ganin duhu. Kar ki kashe hannunki a kai.

Ban da Hypo. Ba ta cire mai, launin jins kawai za ta ci, kuma ba a haɗa ta da wani maganin wanki.

Bakanike, kan hanyar Jibiya:
To Malama, na karɓa. Wata rana ma ki yi mana bayanin hannu, namu duk ya tsattsage.

Malamar kimiyya, GRA:
Fetur ɗin ne ke kwashe maiƙon fata. Sabulu da ɗan yashi mai laushi ko dusar katako sun fi, sai man kaɗanya bayan an wanke. Baƙin mai ma in yana daɗewa a jiki yana kawo ciwon fata, shi ya sa bai kamata a riƙa cusa tsumman goge hannu a aljihun wando ba.

Maman Hanif, Ƙofar Marusa:
Wallahi kamar kin ganshi, Malama! Kullum tsumma na aljihun baya, can ne ma ya fi baƙi.

Ummu Sultan, Daura:
'Yar uwa, wane ruwa kike wanki da shi? Mu nan akwai rijiyar da ruwanta zartsi ne, ko rabin leda kika juye na omo ba ya kumfa, kaya su fito da wani farin dafi-dafi. In na 'yan ga-ruwa kike saye ki gwada: ki sa omo kaɗan a gora ki girgiza. In kumfar ta mutu nan da nan, to sai da kanwa, ko ki ajiye ruwan famfo ranar da aka kawo. Nima mijina gyaran babura yake. Na ware mashi baho ɗaya da burushi ɗaya da igiyar shanya ɗaya, ba sa haɗuwa da kayanmu. Warin da kike ji a hijabi daga baho ne, roba tana riƙe mai. Sannan mako guda ya yi yawa, man yana ƙara kamawa. Ki raba wankin biyu, ko ki shafa ma tabon sabulu daren da ya cire kayan.

Mai wanki da guga, Sabuwar Unguwa:
Ƙari kaɗan. In zai sayi wasu a gwanjo, ya zaɓi na auduga masu duhu. Yadin roba mai santsi ya fi riƙe mai, kuma ba ya jure ruwan zafi sosai. In kuma kin ga ƙananan huji a gaban wando bayan wanki, ba ke ba ce, ruwan batir ne ya ci zaren. Ruwan wankin nan a zuba shi nesa da rijiya da shuka.

Baban Ilham:
Ni tambayata daban ce. In azahar ta same shi a gareji, ya halatta ya yi salla da kayan nan?

Malam, Ƙofar Sauri:
Baƙin mai da giris datti ne, ba najasa ba ne, salla ta yi. Sai dai in giris ya yi kauri a hannu har ya hana ruwa taɓa fata, a kankare shi kafin alwala. Kuma ya kyautu ya rataye jallabiya ɗaya a gareji saboda shimfiɗar masallaci da waɗanda zai tsaya kusa da su a sahu. Allah ne mafi sani.

Maman Hanif, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na barbaɗa sitaci a shaddar yanzu. Amma sabulun kwanukan da nake da shi kore ne, ba zai bar launi a farin yadi ba?

Mai wanki da guga, Sabuwar Unguwa:
Yawanci yana fita da ɗauraya, amma ki fara gwadawa a cikin kalmasar ƙasan rigar. In ya bar alama, ki jiƙa farin sabulun wanki na sanda ki goga a wurin, shi ma zai yi, sai dai ki ƙara maimaitawa.