Abin da muka tsayar a fada kan littafin lambobin tarho

Daren jiya a fadarmu ta Yamai, inda muke zaman hira da shan shayi, wani dattijo ya zo da tsohon littafin lambobin tarho, gara ta ci gefensa, yana tambaya ko ya ajiye ko ya ƙone. Har shayi na uku muhawara ba ta mutu ba. Ga abin da na tsinto.

Yawancin lambobin ciki sun daina aiki, domin lambobin Nijar sun koma takwas daga shida, ga shi yau kowa da salularsa. Don haka aka ce buga wa kowane gida sabon littafi ɓarna ce: takardar daga waje ake shigo da ita, itatuwa aka sare kafin a yi ta, kuma ƙarshenta juji ko kwata.

Amma wata malamar asibiti ta ja hankalinmu, kuma ni ina bayanta. Ta ce ran da wuta ta ɗauke, batir ya mutu, takarda ce ke ceto. Shawararta: a rubuta lambobi kaɗan a kwali guda, a liƙa bayan ƙofa, 17 ta 'yan sanda, 18 ta 'yan kwana-kwana, da ta likita da maƙwabci. Tsofaffi a rubuta musu da manyan haruffa.

Tsohon littafin kuwa, kada a naɗe ƙosai ko tsire a ciki, tawadar na bin mai. Baba mai littafin ya ce zai ba jikokinsa su riƙa rufe littattafan lakwal da shi.