Na maƙale a ɗakin gubar Cathy a wasan Angels of Death

Salamu alaikum jama'a. Ina buga Angels of Death a kwamfuta, na kai hawa na B3, inda Cathy ta naɗa kanta alƙaliya tana kiran kowa mai zunubi. Na wuce kujerar lantarki, amma ɗakin iskar guba ya gagare ni. Abin rufe fuska ɗaya ne tak tsakanin Rachel da Zack, manyan 'yan wasan biyu, kafin in gama bincike lokaci ya ƙare, Cathy kuwa tana ta sheƙa dariya a allo, abin har ƙona min rai yake. Na duba gawar da ke ƙasa, na lalube bango, na sake kallon anime ɗin wasan (katun ɗin Japan) na 2018, duk a banza. Don Allah, me ake fara taɓawa a ɗakin nan?